Shi Rivera ai an biya shi

Kai yaro, ka ce ka gani a waya an rushe zanen wani ɗan Meziko a Amurka, kana tambaya ko mai gini na da ikon yin haka, da kuma yadda ake zane a kan ɗanyen shafe. Ta biyun ba zan ɓata bakina ba. A shafa farar ƙasa da yashi daidai abin da hannu zai gama a yini, a zana kafin ya sha iska, kala ta kama jikin bangon. Wanda bai gane wannan ba ya koma fentin gareji.

Mutumin sunansa Diego Rivera, haifaffen Guanajuato a 1886. Ya je Turai a 1907, ya daɗe a Faris, sannan ya zagaya Italiya yana kallon bangon tsofaffin coci-coci kafin ya koma gida a 1921. Shekara goma sha huɗu yana koyo! Ku kuwa wata uku sai ku buga kati ku ce kun zama oga. Gwamnatin ƙasarsa ta ba shi bangon ma'aikatar ilimi, ya cika shi da manoma da ma'aikata, daga baya ya yi na fadar gwamnati.

A 1933 gidan Rockefeller, attajiran Amurka, suka ba shi bango a New York. Ya cusa fuskar Lenin, jagoran 'yan kwaminis na Rasha, fuskar da ba ta cikin zanen da aka amince da shi. Aka ce ya cire, ya ƙi. Suka biya shi kuɗinsa cif, dala 21,000, suka sallame shi, a 1934 suka farfasa bangon. Laifi nasa ne, in ka tambaye ni. Amma ka ji dai: sun biya.

Ni fa? Wani mai makarantar kuɗi ya kira ni in zana masa katangar gaba, tun daga ƙofa har kwana. Taswirar Afirka, haruffa, yara da littattafai, dagin arewa a saman ƙofa. Ya ga zanen a takarda, ya ce "Malam, ka gama magana." Ya ba ni kafin alƙalami da ko fenti bai isa saya ba, na ci bashin sauran a kasuwa. A bazara ne, rana na dukan ƙeyata a kan tsani, fenti na bushewa a bakin burushi kafin in kai shi bango. Ranar da na je karɓar ciko sai ya tsaya ya harɗe hannu a baya, wai fuskokin yaran sun yi baƙi, iyaye ba za su so ba. 'Ya'yan wa za su shiga makarantar, na Turawa? Ya ce in dawo jibi. Jibin nan har yau. Da na sake bi ta layin, an mulke katangar da ruwan madara, wani ɗan ƙanensa ya rubuta sunan makarantar, har da kuskuren harafi. Mai sayar da fenti kuwa bai yafe mini ko kwabo ba, sai da na sayar da babur ɗina.

Shi Rivera komawa gida ya yi, ya sake zana abinsa a fadar fasaha ta Bellas Artes a birnin Meziko cikin 1934, Lenin na nan daram, har yau ana zuwa kallo. Ya rasu a 1957.

Gobe in mun je wurin mai otal ɗin nan, kai za ka riƙe takardar zanen. Sai ya sa hannu a bayanta ya ba da rabi kafin ka sauke tsani daga mota. Kuma ka ajiye wayar nan a aljihu.