Amsa: Daga Maraɗi zuwa Damagaram da Agadas, sai da ɗan jagora?

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ku ɗauki ɗan jagora a tafiyar nan da iyali. A Damagaram ba dole ba ne. Hausa ake yi, kuma duk wanda kika tambaya zai nuna miki Birni, wato tsohuwar unguwar garin, da fadar Sarki. Garin ne babban birnin Nijar kafin a koma Yamai a 1926.

Agadas kuwa, don Allah ku nemi ɗan gari. Lungunan tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, suna ɓatar da baƙo. Ɗan gari ne zai nema muku izinin hawa hasumiyar babban masallaci, ginin laka mai tsayin mita 27, ya kai ku wurin maƙeran azurfa, ya kuma nuna muku inda cuku mai kyau yake. In an samu hali ku ɗanɗana tagella, gurasar Buzaye da ake gasawa cikin rairayi da garwashi.

Duwatsun Ayar, irin su wajen ƙauyen Timiya mai lambunan lemo, kada ku doshe su sai kun ji ta bakin hukuma kan tsaro. Ku bari sai lokacin ɗari, Disamba ko Janairu.