Shuɗin Tafkin Crater Ba Rini Ba Ne

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce a hutun Yuli abokan karatunka za su kai ka tafkin Crater a jihar Oregon ta Amurka, kana tambaya ko shuɗin da kake gani a hotunansa ƙarin kwamfuta ne, kuma da wane lokaci za ka ɗauki hotonsa. Ka ce na koya maka cewa mai hoto na ƙwarai da hantsi ko da la'asar yake fita.

Shuɗin nan halittarsa ce. Wurin da can dutse ne mai aman wuta, Mazama, wanda ya yi aman da ya kwashe cikinsa kimanin shekara 7,700 da suka wuce, kansa ya rufta, ruwan sama da dusar ƙanƙara suka cika ramin. Zurfinsa mita 594, babu tafkin da ya kai shi a Amurka. Babu kogin da ke shiga, saboda haka babu laka, babu dauɗa. Hasken rana idan ya nitse a ruwa irin wannan, ja ne ke fara mutuwa, rawaya da kore su bi, shuɗi kaɗai ke nisa ya dawo idonka. Ka ɗebi ruwan a kofi, garau za ka gan shi. Ka tsaya a gaɓa, sai ka rantse an zuba masa baban marinar Ƙofar Mata.

To a nan ka ajiye dokar da na ba ka. Launin yana buƙatar rana ta hau sama ta soki ruwan. Da asuba za ka sami ruwa kwance kamar madubi, hoto mai kyau ne, amma launin sararin sama ka ɗauko, na tafkin bai farka ba tukuna. Wanda kake nema yana fitowa daga wajen ƙarfe goma zuwa bayan azahar, ranar da babu gajimare, rana kuma tana bayanka ko a kafaɗarka.

Kyamara za ta ci amanarka idan ka bar ta ta yi wa kanta hukunci. Tana ganin duhun ruwa sai ta ɗauka dare ya yi, ta buɗe ido, shuɗin ya koɗe kamar tsohon yadi, ƙanƙarar da ta rage a gaɓa ta ƙone fari fat. Ka rage haske da rabin mataki ko ɗaya a ma'aunin hasken kyamara. Ma'aunin fari, wato saitin da ke daidaita launi a kyamara, ka kafa shi a kan hasken rana, don idan ka bar shi a otomatik zai ga shuɗi ya yi yawa ya zuba masa rawaya. Ka ɗauka da RAW, wato tsarin da ke ajiye hoton ɗanye, ba tare da kyamara ta gyara shi ba.

Filtar nan mai kashe ƙyalli, polaraiza, ka tafi da ita, amma ka juya ta a hankali. Idan ka murɗe ta ƙarshe ruwan zai koma baƙi, da lens mai faɗi kuma sama za ta yi dabbare-dabbare. Na sha ganin yara suna lalata hoto da ita don ɗoki.

Shuɗi zalla ba hoto ba ne, fenti ne. Tafkin ya kai kilomita takwas a faɗi, kuma sai an ga wani abu a gefe ake gane girmansa. Ka hau wurin kallo na Watchman da ke yammacin tafkin bayan azahar, tsibirin Wizard zai zauna a gabanka, shi ma ƙaramin bakin aman wuta ne. Ka sa murɗaɗɗen itace ko dutse a gaba.

Abu ɗaya ka roƙa: kada hayaƙin gobarar daji ya riga ka. Da rani yakan rufe wurin kamar hazon hunturu a Kano, kuma babu filtar da ke maganinsa. Idan ka tarar da shi, ka kwana ka jira iska ta juya. Ka turo mini hotunan yadda suka fito daga kyamara, kafin ka taɓa su.