A bar su su maimaita, amma ba da tambayoyin farko ba

Wa'alaikumus salam, Malama. Kin tambayi yadda za ki tsara darussan intanet ga sabbin ma'aikata, da kuma ko a bar wanda ya faɗi jarrabawa ya sake, har sau nawa. Na daɗe a wannan aikin, kuma maganar maimaitawar ce ta fi ba ni wuya, don haka da ita zan fara.

Kwas ɗin farko da na haɗa tambayoyi 10 ne, mutum ya sake iya son ransa, kuma da ya gama manhajar ta nuna masa amsar kowace tambaya. Kowa ya ci. Bayan 'yan makonni sai shugabannin sassa suka fara ƙorafi cewa sabbin ma'aikata ba su san wanda ake kai wa rahoton haɗari ba, alhali tambayar tana cikin jarrabawar. Da na duba sai na ga wasu sun gama zagaye na biyu cikin minti biyu. Haruffan amsa suka haddace kawai. Sai na koma sau ɗaya tak, shi ma bai haifi ɗa mai ido ba: tsoro ya shiga, aka fara ɗaukar hoton tambayoyi ana tura wa juna, wata ma'aikaciya mai ƙwazo kuma ta faɗi don intanet ya yanke mata ana tsaka da yi.

Inda na tsaya yanzu shi ne sau uku, da sharuɗɗa. Idan jarrabawar tambayoyi 10 ce, ki rubuta 30 ko 40 ki zuba a rumbu, manhajar ta riƙa ɗebo wasu daban a kowane zagaye, tana kuma cakuɗa jerin amsoshin. Moodle, wani dandalin koyarwa ta intanet, na yin wannan, kuma yana ba ki damar sa tazara tsakanin zagaye na farko da na biyu. Ni kwana ɗaya nake sawa, don mutum ya koma kan darasin maimakon ya sake dannawa nan take. Wanda ya kuskure, kada a ba shi amsar. A ce masa ya koma darasi kaza. Idan ya faɗi sau uku, hanya ta rufe, sai ya zauna da shugaban sashensa. Sau da yawa a wannan zaman ne ake gano cewa matsalar harshe ce, ko kuwa bai taɓa ganin na'urar da ake magana a kanta ba.

Wani zai ce maimaitawa sassauci ne. Ban yarda ba. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka sun nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun kawai. Wato ita kanta jarrabawar koyarwa ce. Kuma tun 1885 Ebbinghaus a Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo. Shi ya sa nake tura musu tambayoyi biyar bayan wata guda, ba maki, ba hukunci.

Batun maki: mafi girma cikin zagayen da mutum ya yi nake ɗauka don tantance wanda ya haye, makin hayewa kuma kashi 80 cikin 100 ne. Amma abin da ya shafi lafiyar mutane ko sirrin abokan hulɗa, sai an ci duka. Sakamakon zagayen farko kuwa nawa ne, da shi nake auna kwas ɗin. Idan rabin mutane suka faɗi tambaya guda, to ko darasin bai fito da ita ba, ko ni na rubuta ta a murɗe.

Tsarin darussan ba shi da wani sirri. Kada ki jibga musu komai ranar farko. Ki raba bisa lokacin da za su buƙaci abu: na ranar farko, na makon farko, na watan farko. Kowane darasi ya tsaya kan aiki guda, minti 5 zuwa 10, kuma ya buɗu a waya. Tambayoyin su zo da siffar aiki: maimakon “mene ne dokar kare bayanai”, ki ce wani ya bugo waya yana neman lambar abokin hulɗa, ya ce shi ɗan'uwansa ne, me za ka yi?

Ki rubuta musu ƙa'idar maimaitawa a shafin farko, kowa ya san inda ya dosa. Sannan idan a wata manhaja kika haɗa darussan kika ɗora su a matsayin SCORM (tsarin ƙunshe darussa don ɗora su kan dandalin koyarwa), ki lura adadin zagaye na iya kasancewa a wuri biyu, cikin ƙunshin da kuma kan dandalin, su yi karo da juna. Kafin ki buɗe wa kowa, ki shiga da asusun gwaji, ki faɗi da gangan har sau uku, ki ga abin da sabon ma'aikaci zai gani.