Kwalliyar kantar murhu a lokacin hunturu: amsa ga Gwaggona ta Kano

Gwaggo, barka da war haka, ya sanyin Kano? Kin tambaye ni abu biyu game da hoton falonmu da yara suka tura miki: me ya kawo murhu tsakiyar falo, kuma wannan ado da fitilu da ke samansa, ko mun fara bin masu Kirsimeti ne. Ta biyun ce ta fi damun ki, na sani, amma sai an fahimci ta farkon.

Ba murhun girki ba ne. Tsofaffin gidajen Manchesta, irin jerin gidajen jan bulo da aka gina wa ma'aikatan masaƙu tun zamanin Sarauniya Biktoriya, kusan kowane ɗaki yana da ramin wuta a jikin bango da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Da kwal suke ɗumama gida a da. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe Landan na wasu kwanaki, mutum aƙalla 4,000 suka rasu, shi ya sa aka yi dokar tsabtace iska a 1956. Daga nan aka riƙa komawa gas da lantarki, har a 2023 aka hana sayar da kwal irin na da don amfanin gida a Ingila. Yawancin murahun nan yanzu a toshe suke. Namu hita ce ta lantarki aka cusa a ramin. Abin da ya rage da amfani shi ne kantar da ke samansa, doguwa siririya, kuma ita ido ke fara sauka a kai idan baƙo ya shigo. Turawa a nan suke ajiye agogo da hotunan iyali. Ki ɗauke ta kamar jeren ɗakin amarya: da an dube ta an san ko matar gidan mai tsari ce.

A watan Disamba maƙwabtanmu Kirista suna rataya manyan safuna a jikinta, domin suna gaya wa yaransu wani dattijo mai jajayen kaya zai sauko ta bututun hayaƙi da dare ya zuba musu kyauta. Wannan ba ma yi. Ba ma kafa bishiya, ba ma ajiye mutum-mutumi. 'Yan'uwanmu masu jin Hausa Kirista, mutanen Filato da kudancin Kaduna da Wusasa, su suna yi cikakke, bikinsu ne, kuma sukan aiko mana da shinkafa da cincin kamar yadda ake yi a gida.

Mu Musulmi kuwa kanmu ba ɗaya ba ne. Akwai gidajen da ko ƙwan fitila ɗaya ba sa ƙarawa a watan, suna cewa kada yara su rikice, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai irinmu da muke gyara kantar saboda duhu. Gwaggo, a tsakiyar Disamba rana tana faɗuwa a nan kafin ƙarfe huɗu na yamma. Azahar, La'asar da Magariba duk a matse suke cikin 'yan sa'o'i. Yaro ya tafi makaranta gari bai gama wayewa ba, ya dawo an kusa kiran Magariba, ya bi ta layin da kowace taga ke walƙiya, sannan ya shigo gidansu ya tarar da shi dulum. Ni dai na gwammace ya ga haske a gidanmu da kayanmu, da ya tsaya yana leƙen tagar wasu.

Kuɗi kuwa, wanda ke biyan kuɗin gas a hunturun Ingila ba shi da na almubazzaranci. Fitilun nan ƙanana masu batir ne, ana samun su da araha a shagunan Poundland. Mai wayo ma ba ya saye a Disamba: yana jira ranar 26 ga wata, washegarin Kirsimeti, lokacin da shaguna ke karya farashin kayan ado, ya saya ya ajiye wa baɗi. Kwalabe da ƙananan farantai daga shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam muke tsinto su. Sauran duk daga akwatin da muka zo da shi ne: faifai biyu masu launi na jingina da bango, ƙwarya mai zane a tsakiya, sai kaskon turaren wuta a gefe. Kaskon ado ne kawai a wurin, don idan na kunna turare a ƙarƙashin na'urar gano hayaƙi da ke silin, ƙararta sai ta tara mana maƙwabta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne lemon zaƙi. Ana yanka shi fale-fale, a shanya a tanda da wuta kaɗan-kaɗan har ya bushe ya zama kamar gilashi, a huda da allura a zura zare, a haɗa da sandar kirfa. Wani kuma a bar shi ɗungurungum a soka masa kanumfari ko'ina. Ɗumin hita na taso masa, sai falo ya ɗauki ƙamshi. Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu ce ta koya wa yarana, su kuma suka mai da shi aikinsu. Ganyen nan mai ƙaya da jajayen 'ya'ya da Turawa ke so, na hana shigo da shi, domin 'ya'yansa suna ɓata ciki idan ƙaramin yaro ya haɗiya. Kyandir mai wuta ma ban yarda da shi kusa da busasshen faifai ba. Ƙusa kuwa ba a bugawa a gidan haya, sai mai gida ya zabtare kuɗin ajiyarka ranar tashi. Maƙalai masu gam muke liƙawa.

Katunan gaisuwar Kirsimeti da kika gani a jere, maƙwabta ne ke turo su ta ramin wasiƙa na ƙofa. Muna ajiye su a kantar, mu mayar da gaisuwar sabuwar shekara. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma mutanen nan ne ke karɓar mana saƙo idan ba ma gida.

Turawa suna sauke adonsu wajen 5 ko 6 ga Janairu. Mu ba ma gaggawa, domin azumi yana matsowa cikin hunturu: a 2025 farkon Maris aka ɗauka, kuma lissafi ya nuna a 2030 Ramadan zai zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Tun 2023 ma ake kunna fitilun Ramadan a kan titi a tsakiyar Landan. Saboda haka fitilun suna nan a wurinsu, sai mu cire katunan, mu ɗora jinjirin wata na kwali da yara suka yanka, da farantin dabino, da jadawalin sahur da buɗa-baki na masallacinmu.

Idan kin samu mai tahowa, Gwaggo, a taimaka mana da faifai ƙanana guda biyu daga Kasuwar Kurmi, masu ja da kore. Nawa sun fara kwancewa ta baki. A gaida mutanen gida.