Tari, dishewar murya da lalacewar haƙori: ruwan ciki ne ke haurowa yaro?

Likita, ɗana mai shekara 6 ya fi wata biyu yana tari da daddare, da safe kuma muryarsa a dishe. Bai taɓa kukan ƙwannafi ba, amma an ce min ruwan tsamin ciki ne. Haka ne?

Yana iya yiwuwa, 'yar'uwa. A ƙarshen hanyar abinci akwai tsokar da ke tsuke bakin tumbi. Idan tana yawan sakewa, ruwan tsami kan hauro har maƙogwaro ya ƙona wurin da murya ke fita, wani lokacin ma ya ɗiga hanyar numfashi. Yara da dama ba sa jin zafin ƙirji, sai dai yawan gyaran murya da tari da zarar sun kwanta.

Sai dai ni ba da shi nake fara zargi ba. Tarin da ya daɗe haka, sai an duba asma, tarin fuka, majinar da ke gangarowa ta bayan hanci, da hayaƙin sigari a gida. Kada ki saya masa omeprazole, maganin rage tsamin ciki, da kanki. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna cewa irin wannan magani, lansoprazole, bai sauƙaƙa wa yara masu asma da ba su da alamun ƙwannafi ba, sai ma ƙarin mura da ciwon maƙogwaro. Kafin ki kai shi asibiti, ya riƙa cin abincin dare awa 2 zuwa 3 kafin barci.

Jaririyata 'yar wata 4 tana tumbuɗi, bayan shan nono kuma sai ta banƙare, ta karkace wuya. Farfaɗiya ce?

Tumbuɗi kaɗai ba ciwo ba ne. A wata 4 da haihuwa ya fi yawa, kuma yakan daina wajen shekara ɗaya. Banƙarewar nan kuwa tana iya zama abin da muke kira Sandifer, wanda haurowar ruwan ciki ke jawowa, kuma jariri yana cikin hayyacinsa lokacin. Da baki ba zan iya raba miki ita da farfaɗiya ba. Ki ɗauki bidiyonta a waya in ta fara, ki nuna wa likitan yara. Ki riƙa sa ta gyatsa, ki kwantar da ita rigingine, ba rub da ciki ba. In kika ga amai kore ko mai jini, ko leɓenta ya canza launi, ko tana ramewa, a tafi asibiti nan take.

'Yata ba ta shan zaƙi sosai, amma haƙoranta na zaizayewa ta ciki. Me ya kawo?

Malam, tsamin ciki kan cinye ɓawon haƙori, musamman ta ɓangaren harshe, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. A kai ta likitan haƙori ya gan ta. In ta yi amai, ta kuskure baki da ruwa, a jinkirta buroshi na kamar awa ɗaya.