Kuɗin rainon da nake biyan ƙanwata, dole ne baban yara ya biya ni?

Tambaya: Barista salamu alaikum. Wata 14 kenan da rabuwarmu da mijina, yara biyu suna hannuna, mace 'yar shekara 5 da namiji ɗan wata 20. Yana turo dubu 40 duk wata, wani watan ma sai na yi ta kira. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, in ina duti ƙanwata ce ke zama da su ina ba ta dubu 20 a wata. Na ce ya riƙa biya ya ce shi bai aike ni ba, in ba zan iya ba in kai wa mahaifiyarsa ta riƙe kyauta. So nake in kai shi kotu ya biya ni duk abin da na ba ƙanwata tun farko, kafin nan kuma ba zai ƙara ganin yaran ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya su. Ɓangarenki kaɗai na ji, ban ga takardar saki ba ban kuma san samunsa ba, don haka abin da zan faɗa zai iya canzawa in bayanin ya canza.

Ina ganin kin ɗauka cewa tunda ciyar da yara a wuyan uba yake, to duk abin da kika kashe a kansu ya zama bashi a kansa. Ba haka yake kai tsaye ba. Kotunan shari'a a Kano da mazhabar Malikiyya suke aiki, kuma eh, ci da sha da tufafi da magani da wani kaso na kuɗin muhalli duk na uba ne gwargwadon ƙarfinsa, namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta yi aure ta tare. Amma shi rainon kansa, magana mafi shahara a mazhabar ita ce mai riƙon yaro ba ta da lada a kan riƙon, to in ke uwa ba a yanka miki lada ba, ƙanwarki da ke kika kira ta kuka yi tsada tsakaninku ba ya wurin, da wuya alƙali ya ce wannan yarjejeniyar ta hau kansa.

Akwai 'yar ƙofa dai. Malamai sun yi maganar cewa in yara suna buƙatar mai yi musu hidima kuma uban yana da hali, ana iya ɗora masa. Nan ne lauya zai tsaya, ya ce dubu 20 ɗin nan buƙatar yara ce, amma shi ma zai ce buƙatar aikinki ce, kuma hukuncin ya danganta da yadda alƙali ya kalli albashinsa da shekarun yaran. Ba zan miki alkawari ba.

Na baya kuma, dubu 280 kenan in na lissafa daidai, ya fi wuya. Galibi ciyarwar yara da ta wuce ba a bin ta sai in da ma kotu ta yanke adadi ya ƙi biya, ko kuma kin kashe da niyyar za ki karɓa kuma kina da abin nunawa, ana ma iya ba ki rantsuwa. In kina da saƙon da kika tura masa tun farko kina cewa ga abin da kike biya, kar ki goge, haka ma alat na banki.

Batun hana shi ganin yara, don Allah ki janye shi. Ganin 'ya'yansa daban, kuɗi daban, kuma ranar da kika rufe ƙofa kin ba shi abin faɗa a gaban alƙali da hannunki.

Shi kuma maganar a kai wa mahaifiyarsa, gaskiya ba ta da ƙarfin da yake zato, kuma na gaji da jin ta daga bakin maza duk sanda aka taɓo kuɗi. Riƙo naki ne muddin ba ki yi wani aure ba kuma ba a tabbatar da sakaci a kanki ba, in ma ya bar hannunki mahaifiyarki da 'yan'uwanki mata suna gaban tasa mahaifiyar a layi. Fita aiki ita kaɗai ba ta cika ƙwace riƙo ba, sai dai ki kula da dutin dare, ya zama kullum akwai babba a gidan, don ta nan zai shigo in ya so.

Ni shawarata kar ki fara da sammaci. Kotu dai kin san yadda take, ki shigar da ƙara wurin rajistara, a kira shi, a yi ta ɗage zama, kuma yawancin alƙalai su ma sulhu za su fara tura ku. Ki sa waliyyinki ya nemi nasa manyan, ko ku je Hisba, in kina son lauya kyauta akwai FIDA (ƙungiyar lauyoyi mata) da Legal Aid (hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta). A zaman ki bar cewa ya biya ƙanwata, wannan kalmar ce ke tayar masa da hankali. Ki kawo lissafin abin da yara biyu ke ci a wata da farashin yau, kuɗin makaranta, magani, raino a ciki, ki nemi a ƙara adadin gaba ɗaya, a sa ranar biya, a rubuta, a kai kotu ta tabbatar da shi ya zama hukunci.

In har yanzu kina shayar da ƙaramin kuma iddarki ta ƙare, kina da damar neman ladan shayarwa, wannan yana cikin Suratul Ɗalaƙ aya ta 6 kuma ya fi maganar raino ƙarfi nesa ba kusa ba. Shekara biyu ce iyakarsa, saura miki wata huɗu, ki sa shi a lissafin tun zaman farko.