Wane irin bonsai ne wannan, kuma yaya zan kula da shi?

Malama, kin ce an ba ki kyautar bonsai a Jos, ba ki san irinsa ba, ga ganye na zuba.

Bonsai ba sunan bishiya ba ne, dabara ce ta renon bishiya a ƙaramin tukunya. Ki tsinke ganye ɗaya. Idan farin ruwa mai danƙo ya fito, ganyen kuma na sheƙi, mai yiwuwa dangin cediya ne, wato ficus. Ki wanke hannu bayan nan, domin bishiyar kariya ma ana yin bonsai da ita, mai kumburarren gindi da jan fure, ruwanta kuwa guba ne. Idan kuma ganyen siriri ne kamar allura, wannan sai a ajiye shi a waje, ɗaki kashe shi yake.

Zubar ganye bayan sauya wuri ba abin tsoro ba ne. Yawan ban ruwa ne matsalar, ni ma da shi na kashe nawa na farko. Ki tura yatsa cikin ƙasar, sai samanta ya bushe ki zuba. Tukunyar ta kasance da huji. A hunturu ki kare shi daga iskar dare, kada kuma ki yi masa aski yanzu.

Idan saiwa ta fara ruɓewa, ki kai shi Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya nan Jos su duba.